Makonni Ukun da Suka Ɓace a Sito

4 ga Fabrairu

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, kai da Inna, da fatan wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Yaya gwiwa? Inna ta tsegunta min a waya cewa har yanzu kai kake hawa tsani kana gyara rufin ɗakin kaji. Kawu, shekara saba'in da biyu fa ba wasa ba ce. Mu nan lafiya lau muke, sai mura da ta bi yara ɗaya bayan ɗaya, ta ƙare a kan babansu, wanda ya fi su raki.

Da kunnenka bai yi nauyi ba, da a waya zan fesa maka wannan labari. Amma na sani ko da yana ji, dokarka tana nan: abin da ba a rubuta ba, bai shigo sito ba. To, ga shi a rubuce.

Mujallar nan da na yi shekara biyu ina bibiya ta karɓi maƙalata. Ita kaɗai ta rage min kafin kwamitin ƙarin girma ya zauna a watan Yuni. In ta fito, tsakanina da kujerar farfesa taku ɗaya ne. Na san abin da za ka ce: "Duk dai digirin sito ne." Ban musa ba. Abin da nake koyarwa shi ne yadda kaya ke tafiya daga masana'anta zuwa dila, daga dila zuwa sito, daga sito zuwa hannun mai buƙata, da inda tafiyar ke cijewa. Kuma ba a jami'a na fara koyonsa ba. A kan kwalin nan na bayan ƙofar sitonka na fara, inda nake zama ina aikin makaranta, har ka laƙaba min 'Yar Kwali.

A kanka maƙalar take, Kawu. Wato a kan shekarar ledojin ƙarin ruwa.

Na san ba a tayar da wannan zance a gidanka. Shekara ashirin da biyu ke nan, amma ban manta ba. Amai da gudawa ya ɓarke a ƙauyuka, gada ta karye, motar kaya ta yi mako biyar ba ta zo sitonku na magani ba. Sai kuma rana ɗaya kwali dubu ɗaya da ɗari shida suka sauka, suka cika sito da baranda har bakin famfo. Ɗari bakwai suka lalace kafin a kai kansu. Kwamiti ya ce sakacin ma'aji ne, aka sallame ka. Washegarin ranar da takardar sallama ta zo, ka goge takalminka, ka raka ni wurin jarrabawa, ka zauna a gindin bishiya har na fito. Ba ka ce da ni komai ba sai, "Kin karanta tambaya sau biyu?" Kai da mahaifiyata 'ya'yan wa da ƙani ne kawai, amma ka riƙe ni shekara shida, biyu daga ciki ba ka da aiki. Ban taɓa iya yi maka godiya baki da baki ba, domin da na fara sai ka aike ni ɗebo ruwa.

Ga abin da na gano. Masana'antar ta ba ni tsohon littafinta. Dilan ya rufe tuntuni, takardunsa sun bi iska. Katunan odarka kuwa na same su a ɗakin tsofaffin fayiloli, ƙura ta kusa kashe ni. Kwali arba'in kake nema kowane mako, da rubutunka mai kwanciya gefe, ba ƙari ba ragi. Katuna uku ne kawai ban gani ba, na mako na tara da na goma da na sha ɗaya bayan ɓarkewar cutar. Ina jin ɓeraye ne. Abin da ya bayyana shi ne, dila ne ya tsorata, ya kwaso kaya daga masana'anta fiye da kima, da suka yi masa yawa sai ya juye maka. Ba ka da laifi, Kawu. Na rubuta haka, masana uku sun duba sun yarda.

Ban sa sunanka ba, "ma'aji" kawai na ce. Duk da haka mujallar tana son ka sa hannu cewa ka amince, domin wanda ya san labarin zai gane ka. Ga fom ɗin nan a ciki. Ƙarshen Afrilu ne wa'adi, amma ka san halin direban da ke kawo muku saƙo.

Taka,
'Yar Kwali

19 ga Fabrairu

'Yar Kwali,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta iso ranar Talata, na karanta ta sau biyu kamar yadda na koya miki. Lafiyarmu ƙalau. Gwiwa tana nan tana ba da labarin ruwan sama kafin rediyo ya faɗa. Zancen tsani kuwa, Innarki ba ta gaya miki cewa ita ce take riƙe min shi ba? A gaida maigidan da yara. Ki ce masa mura ba ta kashe namiji, sai dai ta tona masa asiri.

Allah ya sa albarka a wannan karatu. Na gaya wa mai shagon bakin titi cewa 'yata ta kusa zama farfesa. Ya ce farfesar me? Na ce ta sito. Ya ce ashe shi ma da ya daure da yanzu yana jami'a. Na yi murna, yarinya. Ko ba ki gani a rubutuna ba, na yi.

Maganar godiya ki bar ta. Ba ki ci mana abinci da yawa ba.

Fom na gan shi. Yana nan a ƙarƙashin rediyo, ba abin da zai same shi. Kafin in sa hannu ina da tambaya ɗaya. Makonni ukun nan da kika ce katunansu sun ɓace, me kika rubuta a gurbinsu? A sito, in kati ya ɓace, ba a cike gurbinsa da ka. Ki amsa min wannan tukuna.

Kuma wani lokacin gara a bar kaza cikin gashinta. Abin da ya yi shekara ashirin da biyu a kwance, ban san ko alheri ba ne a tashe shi.

Kawunki

27 ga Fabrairu

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Yara sun warke, babansu ya ce a gaya maka ya ji, kuma zai rama.

Layinka na ƙarshe ya tsaya min a rai. Ka yafe ni. Murna ta ɗebe ni, na shigo maka da tsohon ciwo ba sallama, kamar ni na fi ka sanin zafinsa. Da na fara tambayarka kafin in rubuta ko kalma ɗaya. Amma wallahi ba tonon asiri na nufa ba, wanke ka nake so in yi. Duk lokacin da na tsaya gaban ɗalibai ina maganar sito, kai nake gani da alƙalami a bayan kunne, kuma yana ci min rai a ce takardar ƙarshe da aka rubuta a kanka ta ce "sakaci".

Amsar tambayarka mai sauƙi ce. Arba'in na sa a kowane mako. Haka muke yi a bincike: in mutum ya yi mako ɗari yana rubuta arba'in, aka rasa uku, sai a ƙiyasta da na gaba da na baya, a kuma faɗa a fili cewa ƙiyasi ne. Na faɗa, a shafi na sha ɗaya. Ni kuwa ko ba ƙiyasi na san hannunka.

Ga wani fom ɗin, ko wancan ya sha mai a ƙarƙashin rediyo.

Taka,
'Yar Kwali

14 ga Maris

Kawu,

Assalamu alaikum. Lafiya dai ko? Mako biyu ke nan ban ji daga gare ka ba, kai da ba ka kwana uku da takarda a hannu.

Na kira Inna. Ta ce jikinka lafiya, amma ka rage surutu, kana yawan zama a bayan gida da wani tsohon gwangwani a cinya, kuma ka bar rabin abinci sau biyu. Na tambaye ta batun takardu, ta ce ita ba ta shiga tsakaninka da takardunka tun tana amarya.

In fushi kake, ka faɗa min da baki, ko da zagi ne. Zan iya cire maganar baranda da ta famfo, in canza shekarar, in ce ba magani ba ne, wani kaya ne daban. Ba wanda zai gane ka.

Na sa fom biyu, ko ɗaya ya jiƙe a hanya.

Taka,
'Yar Kwali

26 ga Maris

Kawu,

Ina gaisuwa. Shiru ma magana ce, na ji. Amma Kawu, saura wata guda. Editan ya rubuto sau biyu, shugaban sashenmu kuma duk inda muka haɗu sai ya ɗaga min gira. Jiya na shiga aji na koyar da darasin makon da ya wuce daga farko har ƙarshe, ɗalibai suka bar ni don ladabi.

Ba don ƙarin girma kaɗai ba. In ka ce a'a, na haƙura, wallahi na haƙura. Ka dai ce wani abu.

Ga fom uku, da biro, ko naka ya ƙafe.

'Yar Kwali

9 ga Afrilu

'Yar Kwali,

Wa'alaikumus salam sau uku, tunda sau uku kika yi. Lafiyarmu lau, da fatan ku ma haka.

Motar direba ta yi fiye da wata guda a gareji, injinta a ƙasa, jakar saƙo a ƙarƙashin kujera. Shekaranjiya ya zo ya miƙo min ambulan uku rana ɗaya. Ni ina nan ina jiran amsar tambayata, ina cewa yarinya ta yi fushi. Na buɗe su bi da bi a kan tabarma: fom ɗaya, fom biyu, fom uku da biro. Da na farko, bakwai ke nan. Na yi dariya har Innarki ta fito da ludayi a hannu. Daga nan kuma dariyar ta juye, ta zama wani abu da ban yi ba tun rasuwar mahaifiyarki.

Fom ɗaya kike buƙata. Da kika ji shiru, ba ki ce mota ce ta lalace ba, sai kika ƙara. Da shirun ya yi tsawo, kika ninka. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ki buɗe ƙaramar ambulan da ke cikin wannan.

Ba ɓeraye ba ne, yarinya. Ni ne.

Mako na tara, kwali sha ɗaya suka rage a kan kantar sito. Wata nas ta zo daga ƙaramin asibitin ƙauye, gajeriya, takalminta duk laka. Na ce mata rabonta kwali ɗaya. Ta ce, "Malam Ma'aji, yara goma sha huɗu na baro a kwance, biyu a kan benci. Kwali ɗaya in yi yaya da shi?" Na ce mota ba ta zo ba. Ta ce, "To zan zauna a nan har ka haifo su." Ta ja kwalinki na bayan ƙofa ta zauna, tana kallona. Ba ta tashi ba har la'asar. Da ta tafi na ɗauki kati na rubuta ɗari biyu.

Mako na goma, ba mota, asibitoci biyar a bakin taga, kowa ya ninka abin da ya saba nema. Na rubuta ɗari biyar. Ban soke ta baya ba, a raina ta ɓace a hanya. Mako na sha ɗaya na rubuta ɗari tara. Ki haɗa, za ki ga dubu ɗaya da ɗari shida cif. Dila bai juye min komai ba. Abin da na nema ya kawo, duka, rana ɗaya, bayan an gyara gada kuma cutar ta lafa. Asibitocin ma da suka sami nasu, kowa ya cika ɗakinsa, aka yi wata huɗu ba wanda ya leƙo tagata.

Wannan ban ce ba kuskure ba ne, amma ba shi ne ya hana ni sakewa ba. Da safen da kwamiti zai zo, na zare katunan nan uku daga akwati na sa a aljihu. Suka tambaye ni, na ce ban san inda suke ba. Ni da nake korar leburori in sun matsar da kwali ɗaya ba a rubuce ba! Duk da haka suka sallame ni, ƙaryar ba ta tsinana min komai ba. Na zo gida na zuba su a gwangwanin madara. Na kasa ƙona su, domin kati ne na sito, hannuna bai iya ba.

Da takardarki ta farko ta zo, na yi kwana uku ina jin daɗi kamar yaro. Masana uku sun ce ba ni da laifi! Na ɗauki biro sau biyu. Na ce wa kaina, wa zai sani? Dila ya mutu, 'yan kwamiti sun watse, yarinya za ta zama farfesa. Amma na tuna kin ce kin san hannuna. Kin gina bene a kan arba'in uku da ba su taɓa wanzuwa ba, kuma sunanki ne a ƙofar. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Gara ya rufta da ni yanzu da ya rufta da ke a gaban ɗalibanki.

Na san abin da na ɓata miki. Na san watan Yuni. Ba zan sa hannu a wannan ba, ko da biron naki mai kyau ne. In kin ga ba za ki sake rubuto min ba, ban ga laifinki ba.

Innarki na gaya mata jiya. Ta ce, "Shi ya sa ka hana ni gwangwanin nan shekara ashirin?"

Kawunki

21 ga Afrilu

Kawu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Ka ci abincinka duka, Inna tana ba ni rahoto.

Ba zan yi maka ƙarya ba, tunda ka buɗe hanya. Na ji haushinka. Na kulle ofis, na jera katunan a kan tebur, na yi ta kallon ɗari taran nan da rubutunka mai kwanciya gefe. Shekara biyu, Kawu! Ƙurar da na shaƙa kaɗai ta isa a yi bulo. Na yi kuka, na yi maka faɗa kai ba ka nan.

Sannan na yi abin da ya fi ba ni kunya. Na jawo aljihun tebur na zuba su, na rufe. Na ce fom kawai ake nema, zan lallaɓa ka. Na yi minti ashirin a zaune da hannuna a kan makulli. A minti ashirin ɗin nan na san yadda safiyar kwamiti ta kasance a gare ka, kuma ni ba aikina za a raba ni da shi ba, kujera ce kawai za ta jira. Laifi tudu ne, na hau nawa ina hango naka.

Na rubuta wa edita na janye maƙalar, na gaya masa dalili. Shugaban sashe ya kira ni ya ce, "Malama, kin san sai baɗi ke nan?" Na ce na sani. Ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Wannan ma'ajin naku, yana da rai?" Na ce yana hawa tsani ma. Ya ce in gaishe ka.

Ɓoye katunan laifi ne, ba zan shafa maka mai ba, kai ma ba za ka yarda ba. Amma ka fito da su ranar da fito da su ya fi tsada, ba wanda ya tilasta ka. Na gode, Kawu. Wannan karon ba ka kusa balle ka aike ni ɗebo ruwa, sai ka haƙura ka karanta. Na gode da jarrabawa, na gode da shekara shida, na gode da ka hana ni sa sunana a kan abin da ba haka yake ba.

Kuma ka ba ni tambayar da ta fi tawa ta farko. Ni ina neman wanda ya yi laifi ne. Yanzu ina so in san me ke sa mutum mai tsantseni, wanda ya yi mako ɗari bai kauce ba, ya rubuta ɗari tara. Akwai wani wasa da muke yi a aji da murafun kwalba a matsayin kaya. Mutum huɗu ne: asibiti, sito, dila, masana'anta. Ana kare tsakaninsu da allo, ba magana, sai takardar oda. Zangon da ke tafe zan sa musu makonninka daidai yadda suka zo: cutar, da gadar, da shirun mako biyar. Mu ga abin da masu digiri za su yi.

Fom bakwai kuwa, don Allah kada ka gaya wa ɗalibaina.

Taka,
'Yar Kwali

10 ga Nuwamba

Kawu,

Assalamu alaikum. Na ji an yi wa gwiwa allura kuma ka yi wa likita gardama. Allah ya ƙara sauƙi. Mu lafiya, autata ta fara makaranta, tana ƙirga duk abin da ta gani har da haƙoran babanta.

Ga sakamako, a rubuce. Rukuni sittin suka yi wasan, cikinsu akwai ɗalibai, da ma'aikatan kamfanoni da ke zuwa kwas, da malamai huɗu. A rukuni hamsin da bakwai, wanda ke kujerar sito ya ninka oda a mako na tara ko na goma, ya sake ninkawa, bai soke ta baya ba. Shugaban sashenmu ya rubuta dubu biyu. Ukun da suka tsaya a kan arba'in kaya ba su yi musu yawa ba, amma asibitinsu ya yi mako bakwai ba ko murfi ɗaya.

Saura rukuni ɗaya ranar biyu ga Disamba, kuma kujerar sito ba kowa. Baban yara zai zo ya ɗauke ku da mota, kai da Inna. Ban yarda da direban nan ba.

Taka,
'Yar Kwali

8 ga Disamba

'Yar Kwali,

Wa'alaikumus salam. Mun iso gida lafiya. Kaji biyu sun ɓace, maƙwabci ya ce shaho ne, shahon da ya san buɗe ƙofa. Innarki tana ta ba matan unguwa labarin ofishinki, musamman kujerar nan mai juyawa. A gode wa maigidan, ya iya tuƙi, sai dai yana taka burki kamar mai jin tausayinsa.

A can ban iya magana ba, mutane sun yi yawa, kunne kuma ba ya taimako. Bari in faɗa miki abin da ya faru a bayan allon, inda ba ki gani.

Na zauna ina cewa a raina, yau zan nuna wa yaran nan aiki. Ai na san labarin. Na san gadar za a gyara, na san cutar za ta lafa, na san ranar da mota za ta zo. Mako na ɗaya zuwa na takwas na rubuta arba'in ina murmushi. Mako na tara, murfi sha ɗaya a farantina. Sai na ɗaga kai. Allon bai kai ƙarshen tebur ba, ina hango yarinyar da kika sa a kujerar asibiti, mai jan mayafi. Farantinta wayam. An hana ta magana, ba ta kuwa yi ba. Kallona kawai take yi.

'Yar Kwali, murafun kwalba ne. Na san murafun kwalba ne. Hannuna ya rubuta ɗari biyu.

Na kalli takardar, na ji dariya ta taso min tun daga ciki. Shekara ashirin da biyu ina cewa da za a mayar da ni ranar nan da ba haka na yi ba. An mayar da ni, da amsar a aljihu, na sake. To ashe ba lalacewa na yi a makon nan ba. Haka nake, kuma mutum hamsin da bakwai haka suke, har da mai tabarau.

Da kika ce a ɗage alluna, na ga ɗalibin da ke kujerar dila, murafu sun zubo masa har cinya. Ya ɗaga hannu sama ya ce, "Baba, kai ne ka kashe ni! Na ga ɗari biyu na ɗauka duniya ce ta tashi, na nemi ɗari shida!" Na ce masa ya yi haƙuri, na daɗe ina zagin kujerarsa a banza. Ban taɓa tunanin cewa a can ma wani mutum ne zaune, yana buɗe katina, gabansa yana faɗuwa ba.

Mai jan mayafi ce ta biyo ni bakin ƙofa lokacin da kike tattara murafu. Ta yi magana da ƙarfi don in ji. Ta ce, "Baba, to me ya kamata a yi? A bar mu ba magani?" Na ce a'a. Ta ce, "A ninka, kaya su lalace?" Na tsaya na yi tunani, don ba wanda ya taɓa yi min wannan tambaya, kwamiti ma bai yi ba. Na ce da ita, "Zan ƙara, sau ɗaya. Amma zan rubuta a ƙasan katin: arba'in buƙata ce, sauran tsoro ne. Na can ya san wanne ne wanne." Ta rubuta a littafinta. Ni, a littafin jami'a! In yana da amfani ki sa a sabuwar maƙalar, in ba shi da shi ki bar wa tsoho abinsa.

Na karanta sabon rubutun da kika ba ni, sau biyu. Kin sa ɗari biyu da ɗari biyar da ɗari tara, kin sa safiyar kwamiti, ba ki rage komai ba. Wannan ma'ajin na san shi. Ki bar baranda da famfo yadda suke. Allah ya kai mu Yuni, ya ba ki kujerar da na jinkirta miki. Kin ce kin gode min. Ni ne da godiya, yarinya. Kin so ki wanke ni, bai yiwu ba, sai kika yi abin da ya fi: kin zaunar da ni cikin mutane.

Katunan uku ki riƙe, sun isa inda ya kamata su je. Gwangwani Innarki ta karɓe tun kafin mu cire takalmi, ta zuba maɓallai.

Ga fom nan na sa hannu, da bironki. Ɗaya ne. Ɗaya kike buƙata tun farko, sauran shidan tsoro ne.

Kawunki,
Ma'aji